Aguwar Malam Kallamu

Wales, Birtaniya
4 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Yaya Leah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen Marken Dawa. Ya ƙarin haƙurinmu?

Kin ce ba za ki ƙara ɗaga wayata ba tunda ihu nake miki a kunne, in ina da magana in rubuta a takarda in turo hotonta. To ga shi na rubuta. Kada ki bi ni da jan biro, ni ba ɗan ajinki ba ne. Kin san inda makarantata ta tsaya, sauran a jikin tsofaffin jaridu na ƙarasa.

Wata uku ke nan da rasuwar Inna, har yau amalanken shanun Aaron ɗan Kawu nake gani. Mace tana numfashi da ƙyar, da rana tsaka, an shimfiɗa ta a inda ake loda taki, shanu suna jan ƙafa. Mai motar da kuka kira kuwa yana tsaye a bakin titi, wai ba zai shiga burtalinmu ba, rairayi zai riƙe shi, aguwa za ta goge masa fenti. Fenti, Yaya! Kafin a kai Ɗambatta rai ya yi halinsa. Kuka ce min lokaci ne. Ni na ce hanya ce.

Kin san aikina a nan. Zagaya gidajen tsofaffi nake, in yi musu wanka, in ba su magani, in haɗa shayi. Gida tara a rana, duk a ƙauye, cikin wata 'yar mota da wurin aiki suka ba ni. A hagu suke tuƙi, sati biyu na yi ina buɗe ƙofar fasinja ina neman sitiyari. Amma ki ji abin da yake cin raina: babu gidan da kwalta ba ta je ƙofarsa ba. Akwai wani tsoho da na laƙaba wa Mai Tumaki, shekararsa tamanin da bakwai, shi kaɗai a kan tudu, daga shi sai kare. Ranar da ya faɗi a banɗaki, motar asibiti har bakin ƙofarsa ta zo. Yana nan da ransa, kullum sai ya kushe shayina. Inna shekara hamsin da tara.

Ga abin da nake so. A faɗaɗa burtalin daga ƙofar gidanmu har titi. A sare aguwar da ta yi shinge ta ɓangaren gonar Malam Kallamu, a ci kunya uku daga gonarsa, gireda ta baje, a zuba burji. Ɗawainiyar duk tawa ce. Ki karanta wa Baba wannan kamar yadda na rubuta, kada ki sassauta masa da irin muryarki ta malaman firamare.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Micah

*

Marken Dawa
15 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga ƙanena Micah,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna lafiya, mun gode wa Allah. Haƙuri kuma ya zama dole. Rubutunka ya fi wayarka daɗin sauraro, ka ci gaba da haka.

Na karanta wa Baba a gindin ɗorawa, ban rage ko kalma ba. Da na zo wurin amalanke ya ce in dakata. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne abin yake damu. Shi ne ya bi amalanken a ƙafa yana riƙe da hannunta.

Ga amsarsa. Ya ce burtalin nan da rani ne yake hanya, da damina rafi ne. Duk ruwan da yake saukowa daga tudun gidajenmu ta nan yake bi ya fita titi. Gonar Malam Kallamu a gangare take. Aguwar nan da gambar da ke gindinta su suke tare ruwan kada ya faɗa masa. Ya ce kakanmu da mahaifin Malam ne suka dasa ta da hannunsu, shekarar da mahaifin Malam ya zo daga Barno aka ba shi wuri. Ya ce ka yi shekara nawa kana bin burtalin nan da damina, wandonka a naɗe, ka manta?

Duk da haka Baba bai ɓoye maganar ba, ya faɗa wa Malam da yamma. Malam ya yi murmushi ya ce, "Haba Dokas, ni da kai akwai iyaka ne? In yaron yana so, ku yi duk yadda kuka ga dama."

Na san halinka, shi ya sa zan fassara maka tun kafin ka fassara wa kanka. Kara ya yi mana. Muna cikin makoki, ɗan marigayiya ya nemi abu da sunanta, bakinsa ba zai iya cewa a'a ba. Namu ne mu gane mu janye. Gonar nan ita kaɗai gare shi, da ita yake ci da gidansa. Mutumin nan ya tsaya a bakin kabarin Inna har aka gama rufewa, matarsa, mahaifiyar Falta, kwana bakwai tana aiko mana da tuwo. Shekara arba'in shi da Baba suna zama a inuwa ɗaya, ba za mu taɓa wannan saboda kunya uku ba.

Baba ya ce ka bari ka zo gida a zauna, a duba wata dabarar.

Ka riƙa sa rigar sanyi, ka riƙa zuwa sujada.

Yayarka,
Leah Dokas

*

Wales
16 ga Fabrairu

Yaya Leah,

Na gaishe ki, na ga takardarki.

Kara! Kullum kara. Mai mota ya ƙi shigowa, kun yi masa kara ba wanda ya shaƙe shi. Inna ta kwana uku tana ciwo ta ƙi faɗa, kara take yi wa aljihun Baba. Yanzu mutum ya buɗe baki da kansa ya ce a yi, kin ce ba haka yake nufi ba. To in e ba e ba ce a garinmu, da wane yare za a yi magana? Dattijo ne mai gemu, in ba ya so ya ce ba ya so.

Maganar ruwa kuma, a nan kusan kullum ruwa ake, ban ga ya cinye musu hanya ba. "A zauna a duba." An shekara nawa ana zaune a gindin ɗorawar nan ana dubawa? Sai an ɗora Baba shi ma a kan amalanken?

Shi ke nan, na ji. Ba zan ƙara yi miki maganar ba.

Micah

*

Marken Dawa
7 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Micah,

Bayan gaisuwa. Sati uku na hana kaina rubuta maka, don kada in rubuta abin da zan yi nadama.

Ashe da ka ce ba za ka ƙara yi min maganar ba, Aaron ka koma yi wa. Ya faɗi komai da Kawu ya tsare shi. Kai ka ce masa ya kawo gireda ranar Lahadi da hantsi, lokacin da muke coci, Malam Kallamu kuma yana kasuwar Ɗambatta. Kai ka ce in wani ya tambaya a ce Malam ya yarda. Wannan lissafin ba na mai fushi ba ne, Micah, na wanda ya zauna ya yi tunani ne.

Muna cikin waƙar baiko, ana tara sadakar coci, muka ji rurin inji. Kafin Baba ya iso an wuce rabi. Aguwar tana kwance a gefe tuli-tuli, farin ruwanta yana ɗiga, gambar an tumɓuke ta da saiwa. Baba ya tsaya a gaban motar da rigarsa ta sujada, direban ya ce, "Baba, ko na tsaya yanzu me ya rage?"

Malam ya dawo bayan la'asar a kan kekensa, ga azumi a bakinsa. Ya sauka, ya bi gefen gonarsa a ƙafa daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Allah ya sanya alheri." Iyakar abin da ya ce ke nan. Baba ya bi shi gida don ya ba shi haƙuri, ya tare shi da cewa, "Haƙurin me, Dokas? Ai ni na ce a yi." Ka ga ya rufe wa Baba baki. Kwana biyu Baba bai taɓa tuwo ba.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, don ni ba na zalunci. Hanyar ta yi faɗi, an zuba burjin. Samari suna ta tsere da babura suna sa maka albarka. Ranar Alhamis naƙuda ta kama matar Iliyasu mai shayi, mota ta zo har ƙofa ta ɗauke ta, ta sauka lafiya a asibiti. Na tuna Inna na yi kuka.

Amma Baba kullum da safe sai ya fita ya tsaya yana kallon gabas, inda hadari ke tasowa.

Yayarka,
Leah

*

Wales
9 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Yaya Leah,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na san na daɗe ban amsa ba. Takardarki na karanta ta ya fi sau goma, amma wurin matar Iliyasu kawai nake tsayawa. Har hoton takardar na nuna wa wani ɗan Gana da muke aiki tare, na ce ka ga aikina.

Bari in ba ki labarin abin da ya same ni ranar Laraba. Hanyoyin ƙauyen nan ba na faɗa miki suna da kwalta ba? Abin da ban faɗa miki ba shi ne mota ɗaya suke ci. Hagu shinge, dama shinge, ya fi motar tsawo, ba ka ganin abin da ke bayan kwana. Sai jefi-jefi an ɗan fafe gefe inda mota za ta raɓe. In kun yi kiciɓis, wanda ya fi kusa da wurin raɓewa shi zai yi ribas, ɗayan ya ɗaga masa yatsa ɗaya a kan sitiyari, godiyarsu ke nan.

To na makara, sai ga tarakta gaba da gaba. Ni ne na fi kusa, na sani, amma na ce yau ba zan koma ba. Na danna hon, na leƙo na zazzage mata Hausa tas, har da ta kakanninta. Mace ce ke tuƙin, ta kai sa'ar Inna. Kashe injin ta yi, ta ɗauko fulas ta zuba shayi tana kurɓa tana kallona. Yaya, minti biyar na yi ribas ɗin nan kamar ɗan koyo, ƙaya tana karce min gefen mota. Da ta zo wucewa ta ɗaga min yatsan.

Na isa gidan Mai Tumaki ina huci. Ina sa masa safa na ce, ku da kuke da komai, me ya hana ku sare wannan dajin ku faɗaɗa hanya? Ni a garinmu na sa an yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Garinku a kan tudu yake ko a shimfiɗe?" Na ce da ɗan gangare. Ya ce in tura kujerarsa bakin taga. Ya nuna min wani gefen tudu da babu komai sai duwatsu da wani tsagi kamar an ja wuƙa. Ya ce nan ce gonarsu mafi kyau. Yana saurayi ya tumɓuke shingenta don sabon injinsa ya samu wurin juyawa, mahaifinsa yana hana shi. Ya ce ƙasar ta bi ruwa ta gangara, shekara sittin ke nan ba ta dawo ba. Sai ya ce shayin ya yi sanyi, in sake wani.

Da na fito na tsayar da mota na auna hanyar gidansa da ƙafa. Taku huɗu. Yaya, burtalinmu na da ba taku huɗu ba ne? Nan motar asibitin ta bi ta zo ƙofarsa. Ashe ba faɗi ne ya kawo ta ba, ƙasa ce mai tauri. Da burjin kawai aka zuba aka bar aguwar a tsaye. Fiye da shekara ina bin hanyoyin nan, kwaltar kawai nake kallo.

Ba cewa na yi na yi laifi ba. Wataƙila namu ba zai zama haka ba, tudunmu ai bai kai nasu ba. Amma ki ce wa Aaron ya haƙa lambatu ta gefen gonar Malam, a jera buhunan yashi. Na kira shi ba ya ɗauka.

An fara ruwa?

Ƙanenki,
Micah

*

Marken Dawa
22 ga Agusta, 2024

Zuwa ga ƙanena Micah,

Bayan gaisuwa, muna lafiya a jiki. Kana ta turo tambaya ɗaya ina cewa tukuna. Yau zan amsa.

Aaron ya koma Kano tun watan shida, wai ya samu adaidaita sahu yana ja. Baba ne ya haƙa lambatun, ni da matan zumuntar coci muka cika buhuna. Sun riƙe ruwan farko da na biyu. Har na fara cewa a raina Allah ya rufa asiri.

Ranar Talata da azahar aka yi ruwan da ba a yi irinsa ba bana. Da can ruwan yakan bi burtali yana tuntuɓe da gamba, ya isa titi a gajiye. Wannan karon ya samu hanya sumul, ya taho da gudu ja wur da burjinka. A kwanar da ke daidai tsakiyar gonar Malam ya ƙi yin kwana. Ya ɗebe buhunan ya shiga.

Kwazazzabo ya tsaga gonar biyu, zurfinsa ya kai ƙirjin Baba. Geron ya fara fitar da kai, yanzu rabinsa yana kwance a kwari. Gyaɗar da ke ƙasa yashi da tsakuwa sun binne ta. Malamin gona ya zo ya duba, ya ce ƙasar noman ce ta tafi, wadda aka yi shekara da shekaru ana ciyar da ita da taki, abin da ya rage ko an cike ramin ba zai yi abin kirki ba nan kusa. Hanyar ma ta yanke a nan, ko babur ba ya wucewa.

Da ruwan ya tsagaita Baba ya fita, Malam ma ya fito. Suka tsaya wannan a bakin ramin ta nan, wancan ta can. Malam ya ɗaga murya ya ce, "Dokas, ya ruwa?" Baba ya juya ya koma gida.

Washegari Baba ya je ya ce masa ya karɓi gonarmu ta bayan coci ya noma har iya rayuwarsa. Malam ya ce ba zai cire abinci daga bakin maƙwabcinsa ba, ruwa kuma na Allah ne. Baba ya sake komawa da Kawu, amsar ɗaya ce.

Ba su yi faɗa ba, da ma faɗan suka yi. Malam yana zuwa gindin ɗorawa ya zauna kamar kullum, Baba ne ba ya iya fita. In ya ji sallamarsa sai ya ce in ce yana kwance.

Ba zan zage ka ba, na san abin da ya tura ka. Amma kada ka kira Baba yanzu, kuma kada ka aiko da komai. In kana da magana, ka san wanda ya kamata ya ji ta.

Yayarka,
Leah

*

Wales
25 ga Agusta, 2024

Zuwa ga Baba Malam Kallamu,

Gaisuwa irin ta ɗa ga uba, tare da ban girma. Ina gaida Innar Falta da Falta da ɗanka Yaya Nabil in ya leƙo gida. Na roƙi Yaya Leah ta kai wa Falta wannan ta karanta maka.

Baba Malam, ni ne Micah. Ni na sa aka sare aguwarka. Babana bai sani ba, Yaya Leah ta hana ni a rubuce. An faɗa min kara ka yi mana, kuma ko ba a faɗa ba na sani, a gabanka na girma. Na riƙe kalmarka ne don ta yi min amfani. Ni na zaɓi ranar Lahadi, don na san kana kasuwa. Na san ranar kasuwarka ne saboda ina yaro ranar nake jiranka a bakin burtali, ka dawo min da tsofaffin jaridun da masu ƙosai suka rage, ka ce in karanta maka ka ji ko boko yana shiga. Da wannan sanin na yi maka wannan aikin.

Na ce don Inna na yi. Da tana raye, da muciya za ta bi ni.

A nan kullum ina wanke ƙafafun tsofaffin wasu, ina lallashinsu su ci abinci, ina ba su haƙuri in na makara minti goma. Kai da babana kuwa na yi muku abin da ban isa in yi wa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Na nemi hutu a watan sha biyu. Zan zo in ɗebi ƙasa da kaina in cike ramin, in yi jigilar taki ko shekara nawa zai ci. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka ce min ba komai. Ka zage ni, ka ce kada in ƙara taka ƙofar gidanka, duk zan ɗauka. Kuma don Allah ka shiga wurin babana ko ya ce yana kwance, kunya ce take cinsa, kuma tawa ce ba tasa ba.

Ka yafe min.

Ɗanka,
Micah Dokas

*

Marken Dawa
3 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Micah,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki ya sanyi. Ni ce Falta.

Na karanta wa Baba takardarka tun ranar da ta zo. Ya ce in ajiye, zai ba da amsa bayan girbi. Jiya ya ce in rubuta.

Ya ce ya yafe. Ya ce kada ka wahalar da kanka da ramin. Abin da aka samu bana ba zai kai mu ko watan azumi ba, don haka za mu koma Ungogo wurin Yaya Nabil ranar Asabar.

Ya shiga wurin Baba Dokas kamar yadda ka roƙa. Ya kai masa damin irin geronsa, wanda kakanmu ya zo da shi daga Barno, ya ce ya shuka kada irin ya ɓata, tunda shi ba shi da inda zai zuba shi. Baba Dokas ya karɓa da hannu biyu, ya rungume damin, ya daɗe bai ajiye ba.

Na tambayi Baba ko in ƙara maka wani abu. Ya ce a'a, ya isa.

Ka huta lafiya.

Falta Kallamu